Sai an biya kuɗin lesin kafin yaro ya shiga Bronx Science?

Tambaya: Ina zaune a Bronx, birnin New York, asalina Zangon Kumasi. Ɗiyata tana aji bakwai, tana da kai sosai a lissafi. Wata cibiyar lesin ta ce in kawo dala 2,000 su shirya ta jarrabawar shiga manyan sakandaren gwamnati irin su Bronx Science. Aikin kula da tsofaffi nake, maigida kuma tasi yake ja. Mu matsa mu biya?

Amsa: Hajiya, riƙe kuɗinki tukuna.

Makarantun da kike nufi tara ne, duk na gwamnati, ba a biyan ko sisi. Takwas daga ciki jarrabawa guda ce ke buɗe ƙofarsu, wato SHSAT. Ta taran, LaGuardia, ta masu zane da kiɗa da wasan kwaikwayo ce, gwajin fasaha ake yi. A takwas ɗin ba a duba makin aji ko shaidar malami, makin jarrabawar kaɗai ake bi. Dokar jihar New York ta 1971 ce ta ɗaure uku daga cikinsu, Stuyvesant da Bronx Science da Brooklyn Tech, a kan haka. A 2025 tambayoyi 114 ne, rabi Turanci rabi lissafi, cikin awa uku, a farkon zangon aji takwas. Daga 2025 a kwamfuta ake yin ta. Yara sama da 25,000 ke zama a shekara, kusan 4,000 ke samun gurbi.

To, shiri wajibi ne, wannan ba gardama. Amma shiri daban, biyan kuɗi daban. Ma'aikatar ilimi ta birnin tana da shirin DREAM, lesin ne kyauta ga 'yan aji bakwai na gidajen masu ƙaramin ƙarfi, ranakun Asabar da hutun bazara. Gobe ki je wajen mai ba ɗalibai shawara a makarantar ɗiyarki, ki tambaye shi ko ta cancanta da ranar rufe rajista. Kada ki jira takarda ta zo a jakar yarinya. A ganina nan ne mutanenmu suka fi yin asara: yaran na da ƙwaƙwalwa, labarin ne ke iso mu bayan an tashi kasuwa. A 2019, cikin yara 895 da Stuyvesant ta ɗauka, baƙar fata bakwai ne kacal, kuma ana ta ce-ce-ku-ce kan ko jarrabawar za a soke ko wayar da kan iyaye za a ƙara. Su yi ta muhawararsu, ke dai ki tabbata sunan ɗiyarki ya shiga MySchools, shafin intanet da ake rajistar jarrabawar.

Ma'aikatar tana kuma fitar da jagorar jarrabawar kyauta, da samfurin tambayoyi. Ki sa ta yi guda cif, da agogo, ba waya, ba na'urar lissafi, don ba a yarda da ita a ɗakin jarrabawa. In kin ga lissafin ya tafi daidai amma karatun dogon rubutu na ba ta wuya, sai ki nemi malamin da zai gyara wannan gurbin kaɗai, kuɗinsa ba zai kai rabin abin da aka yanka miki ba. Ki faɗa mata kada ta bar tambaya ba amsa, ba a rage maki don kuskure. Duk cibiyar da ta ce miki ta ba da tabbacin gurbi, ki kama hanyarki.

Tambaya: Daga Yamai muka zo shekara biyu da suka wuce. Ɗana na son Stuyvesant, amma abokai sun ce in sa mai sauƙin shiga a farko kada ya tashi a tutar babu.

Amsa: Malam, abokanka sun yi maka gurguwar shawara. Ana jera yara ne daga mai maki mafi yawa zuwa ƙasa, kowa a ba shi zaɓinsa na farko da ke da sauran gurbi. In makinsa bai kai na Stuyvesant ba, za a duba zaɓinsa na biyu, ba abin da ya rage masa. Amma in ya sa wata a sama kuma ya ci, can za a kai shi ko da makinsa ya isa Stuyvesant. Don haka ya jera su yadda yake so da gaske. Neman sauran sakandaren birnin ma hanyarsa daban, ya cika duka biyun.

Ka dai auna nisa. Stuyvesant tana can ƙasan Manhattan, yaron da ke Bronx zai sha jirgin ƙasa safe da yamma har shekara huɗu, ga sanyin hunturu. Bronx Science da American Studies ta harabar kwalejin Lehman kuwa suna kusa da juna a Bedford Park.

Tunda bai daɗe da zuwa ba, ka bincika ko an rubuta shi cikin masu koyon Turanci, don ana ninka musu lokacin jarrabawa. Akwai kuma shirin Discovery, wanda ke da kashi 20 cikin 100 na guraben, domin yaran gidajen masu ƙaramin ƙarfi daga makarantun unguwannin talakawa da makinsu ya gaza kaɗan. Sai yaro ya yi karatun hutun bazara kafin a tabbatar masa, saboda haka kada ka yanki tikitin zuwa gida kafin sakamako ya fito a watan Maris.