Amsar tambayarki kan bencin baya

'Yata, saƙonki ya iso, ina fata kina lafiya, ya karatu? Kin tambaye ni me ya sa dattawan ikilisiyarku suka sa yayanki ƙarƙashin horo, suka mai da shi bencin baya, suka hana shi Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da masu bi ke karɓa a sujada, har ya yi zuciya ya daina zuwa sujada. Sai kika ƙara da wadda na san ita ke hana ki barci: wai cetonsa ya tafi ke nan?

Horon nan tsohuwar al'ada ce, ta girmi zuwan ɗan mishan Likita Mila Zariya a 1905 nesa ba kusa ba. A shekara ta 250 Sarkin Rum Desiyus ya tilasta wa kowa ya yi wa gumaka hadaya, a ba shi takardar shaida. Masu bi da yawa suka tsorata suka yi. Da ƙura ta lafa suka dawo suna kuka a ƙofar ikilisiya. Wani mai suna Nobatiyan ya ce sam ba za a karɓe su ba. Amma Bishop Sifiriyan na Kartaj, a Tunisiya ta yau, da 'yan'uwansa bishop-bishop suka tsaya kan a karɓe su bayan sun yi wa'adin tuba. Kin ga tun asali an yi horo ne domin mutum ya dawo. Manzo Bulus ma, a 2 Korintiyawa 2:6-8, ya ce da ikilisiya horon ya isa haka, su gafarta wa mai laifin su ta'azantar da shi, kada baƙin ciki ya ci ƙarfinsa.

Maganar ceto kuwa, malamai sun daɗe ba su zama baki ɗaya ba. Mabiyan Kalbin da yawancin 'yan Baftis suna riƙe da Yohanna 10:28-29, inda Yesu ya ce ba mai ƙwace tumakinsa daga hannunsa. A wurinsu wanda ya tafi bai dawo ba har abada, dama tun farko ba na ciki ba ne, kamar yadda 1 Yohanna 2:19 ta nuna. 'Yan Metodis, masu bin koyarwar Wesli, suna nuna Ibraniyawa 6:4-6, su ce mutum na iya ɗanɗana alheri ya juya masa baya da gangan. Mu 'yan Angilika a nan Wusasa, ƙa'ida ta 16 cikin ƙa'idodinmu 39 ta ce mai bi na iya kauce wa alherin da aka ba shi ya faɗi cikin zunubi, kuma da alherin Allah yana iya tashi ya gyara rayuwarsa. Ni a nan na tsaya. Bitrus sau uku ya yi musun Ubangijinsa, amma tun kafin ya faɗi Yesu ya ce ya yi masa addu'a kada bangaskiyarsa ta ƙare. Dattawa na da ikon hana gurasa da ƙoƙo na ɗan lokaci, ba su da ikon share sunan kowa daga littafin rai.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muke yi da wanda ke horo. Na ga mace zaune a bencin ƙarshe, ta ja gyale ta rufe fuska, ana fita layi-layi zuwa karɓar Jibi, ita idonta na kan tafin hannunta. Aka tashi, ko sannu ba wanda ya ce mata, har da ƙawayenta na zumuntar mata. Ranar da aka maido ta kuwa su ne a gaba da tulu da guɗa. Ina suke duk watannin da take buƙatarsu? Wannan ƙyamar ba ta cikin horo, mu muka ƙara ta, kuma ita ke korar mutane.

Ran Asabar ki je shagonsa a Sabon Gari. Kada ki yi masa wa'azi, ya san ayoyin. Ki gaishe shi, ki zauna, ki saurare shi. Ni kuma zan nemi ganin faston da dattawan, in ji wa'adin da suka yanka masa da wanda suka ɗora wa alhakin ziyartarsa. Ki gaida mamarki, ki ce mata kada ta daina kiransa.

Kawunki