Awa goma a Istanbul: me za a iya gani kafin jirgi na biyu?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce jirginka daga Abuja zai sauka Istanbul da safe, na biyun kuma sai bayan awa goma, kana tambaya ko za ka iya fita ka ga Ayasofya da fadar Topkapi da babbar kasuwa, har ka hau jirgin ruwa a mashigin Bosforus. Fita dai za ta yiwu. Amma waɗannan huɗun a yini guda, ka cire rai. Ni harkar tufafi ce take kai ni garin, na sha yin irin wannan jira, bari in gaya maka yadda abin yake.

Kafin komai, biza. Mai fasfon Nijeriya ba ya taka ƙasar Turkiyya sai da biza, ko da shayi kawai zai sha ya dawo. Zama a cikin filin jirgi ba ya bukatar komai, amma da zarar ka nufi wajen jami'an shige da fice, ita za su fara nema. Ana yawan sauya sharuɗɗan bizar da ake cikewa ta intanet, don haka kada ka dogara da labarin wanda ya je shekara uku da suka wuce. Ka duba shafin hukumarsu ko ka tuntuɓi ofishin jakadancinsu da ke Abuja tun yanzu. In ba ka samu ba, sauran bayanin nan sai ka ajiye shi don wata tafiyar.

To mu ce ka samu. Awa goman nan da ke kan tikiti ba duka naka ba ne. Filin jirgin da aka koma a 2019 yana can arewa, kusa da Baƙin Teku, fiye da kilomita 40 daga tsohon gari, kuma girmansa ya wuce misali. Jirgi zai sauka ya yi ta gangarawa kafin ya tsaya, ku fito ku yi tafiyar ƙafa mai nisa, sannan layin buga hatimi. Ka ware awa ɗaya da rabi. Shiga gari, ka sa awa ɗaya da rabi, dawowa ma haka. Sannan ka kasance a filin jirgi awa biyu da rabi kafin tashi, domin can ana bincikar kaya tun daga ƙofar shiga ginin, a sake bincikawa bayan hatimi, ƙofar jirginka kuma tana iya kasancewa can ƙurya. Yi lissafi da kanka. Abin da ya rage maka awa uku ne, in an ci sa'a huɗu. A cikinsu za ka yi sallah, ka ci abinci, ka ɓata hanya sau ɗaya aƙalla.

Shi ya sa nake cewa ka zaɓi unguwa ɗaya ka tsaya a cikinta. Taura biyu ba ta taunuwa, balle huɗu.

In zuwanka na farko ne, dandalin Sultanahmet za ka nufa. Ayasofya da Masallacin Sultan Ahmed suna kallon juna, lambu ne kawai a tsakani. Ayasofya coci ce da Sarki Justiniyan ya kammala a shekara ta 537, ta koma masallaci bayan Sultan Muhammadul Fatih ya ci garin a 1453, aka mai da ita gidan tarihi a zamanin Ataturk, shugaban Jamhuriyar Turkiyya na farko, sannan aka dawo da sallah a cikinta a watan Yulin 2020. Tun farkon 2024 aka raba ƙofofi: 'yan yawon buɗe ido suna biyan Yuro 25 su hau bene, ƙasa kuma na masallata ne. Ni shawarata ka daidaita zuwanka da azahar, ka yi alwala ka bi jam'i. Bayan an idar ka ɗaga kai. Ƙubbar tana sama da mita hamsin daga inda kake zaune, ga manyan faya-fayai zagaye da ita ɗauke da sunan Allah da na Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da na halifofi huɗu da Hasan da Husaini. Wannan zaman na minti ashirin ya fi mini duk hotunan da na taɓa ɗauka a garin. Daga nan ka tsallaka Masallacin Sultan Ahmed, mai hasumiya shida, wanda aka fara ginawa a 1609. Shiga kyauta ne. Cikinsa an lulluɓe shi da tayil ɗin garin Iznik sama da dubu ashirin, shuɗin da ya sa Turawa suke ce masa shuɗin masallaci. A gefensa akwai tsohon filin sukuwa na Rumawa, da doguwar hasumiyar dutse da aka ɗauko daga Masar tun ƙarni na huɗu, rubutun Fir'aunoni na nan raɗau a jikinta. Wannan ba ya cin lokaci, wucewa kawai za ka yi ta gabanta.

Topkapi kuwa wani abu ne daban. Na san abin da yake jan mutanenmu can: ɗakin amanoni, inda aka ajiye kayayyakin da ake danganta su da Annabi da Sahabbai, irin su alkyabba da takubba, waɗanda akasari suka zo bayan Sultan Salim ya ci Masar a 1517, ga kuma alaramma yana karatun Alƙur'ani a gefe. Wurin ya cancanci zuwa. Amma fada ce mai farfajiya huɗu, akwai layin tikiti, akwai wani layin a ƙofar ɗakin amanonin kansa, kuɗin shiga kuma ba kaɗan ba ne. In ita ce a ranka, ka ba ta lokacin gaba ɗaya, masallatan ka gaishe su daga waje. Kuma ka duba ranarka, domin ran Talata a rufe take.

Akwai zaɓin da ba ka ambata ba, wanda ni shi nake ba wa duk mai tafiya da dattijo ko mai gudun cinkoso: Ayyub Sultan. Nan ne kabarin Abu Ayyub al-Ansari, Sahabin da Annabi ya sauka a gidansa lokacin hijira zuwa Madina, wanda ya rasu a bakin ganuwar birnin a yaƙin da aka yi zamanin Mu'awiya. Muhammadul Fatih ya gina masallaci a wurin 'yan shekaru bayan cin garin, kuma a da nan ake rataya wa sababbin sarakunan Usmaniyya takobin sarauta. Unguwar tana ɓangaren da ake fitowa daga filin jirgi, ba sai ka kutsa tsakiyar gari ba. Babu tikiti. Mutanen garin ne suka fi yawa, iyalai da yara da tsofaffi, da tattabaru a farfajiya. In lokaci ya rage, akwai ƙaramar motar igiya da take hawa da mutane kan tudun Pierre Loti, ka zauna ka sha shayi kana hangen ruwa da hasumiyoyin tsohon gari.

Batun hanya. Jirgin ƙasa na M11 yana tashi daga filin jirgi, kuma shi na fi yarda da shi domin ba ruwansa da cunkoson motoci. Ka sayi katin Istanbulkart a na'ura ka zuba masa kuɗi, da shi za ka hau jirgin ƙasa da taram (ƙaramin jirgin ƙasa mai bin titi) da jirgin ruwa duka. In Sultanahmet za ka, ka sauka Gayrettepe, ka koma layin M2 zuwa Vezneciler, ka taka kaɗan ka hau taram na T1. Canjin Gayrettepe akwai tafiya da matakala, kada ka raina shi. In Ayyub Sultan ne, ka sauka Kagithane, M7 zuwa Alibeykoy, sai taram na T5. Akwai bas-bas na filin jirgi da ake kira Havaist, akwai tasi, da safe duka lafiya lau. Amma dawowa da yamma, daga ƙarfe biyar zuwa takwas, kada ka sa ranka a kan titi. Na taɓa ganin wani bawan Allah yana roƙon ma'aikata a bakin ƙofa bayan an rufe jirgi, wai tasi ce ta maƙale. Ba wanda ya saurare shi, sabon tikiti ya saya.

In ka ga duk wannan ya yi maka yawa, kuma tafiyarka duka biyu da Turkish Airlines ce, suna da shirin Touristanbul ga masu jiran awa 6 zuwa 24. Kyauta ne, da mota da ɗan rakiya da abinci, su kai ku su dawo da ku. Teburinsu yana wajen fitowar fasinjoji, wato shi ma sai da biza. Aibinsa ɗaya, da agogonsu za ka yi tafiya, inda kake son daɗewa nan za a ce a tashi. Amma ga baƙon farko wanda ba ya son fargabar rasa jirgi, ba laifi.

Babbar kasuwar, Kapalicarsi, ni ban ga dalilin kashe mata waɗannan 'yan awannin ba. Shaguna wajen dubu huɗu ne a rufe ƙarƙashin rufi ɗaya, layi ya shiga layi, in ka taɓa ɓata a Kantin Kwari ranar farko to ka san abin da nake nufi. Farashin kuma na baƙi ne. 'Yan kasuwarmu Laleli da Merter da Osmanbey suke zuwa sari, wannan kuma aikin kwanaki ne. Ran Lahadi ma ba a buɗe ta. In tsaraba kake so, ka sayi kayan zaƙinsu, lokum ko baklawa, a hanya. Kada ka sayi zuma ko turare ko man zaitun, domin babbar jakarka ta riga ta wuce, kuma duk abu mai ruwa da ya haura mililita 100 za a karɓe shi a wajen bincike.

Jirgin ruwa ma akwai dabara. Yawon Bosforus na sosai yana cin awanni. Amma daga Eminonu akwai jiragen haya da suke tsallaka mutane zuwa Uskudar, kamar minti ashirin, da katin nan naka. Ka bar Turai ka taka Asiya, ka juyo. Wannan sai in ka gama da masallatai agogo bai kai lokacin da ka yanke za ka juyo ba. In bai yiwu ba, ka tsaya bakin gadar Galata ka ci burodi da gasasshen kifi, ka kalli jiragen, ya wadatar.

Sauran ƙananan abubuwa. Agogon Turkiyya yana gaban namu da awa biyu, ka gyara shi tun kana cikin jirgi, ka sa ƙararrawa a kan lokacin da za ka juyo, in ta buga ko me kake yi ka bari. Ka karɓi takardar shiga jirgi na biyu tun daga Abuja, ka kuma tabbatar duka jiragen a filin guda suke, domin akwai wani, Sabiha Gokcen, can ɓangaren Asiya. Jakar hannu ka bar ta a wajen ajiya na filin jirgi, fasfo kuma a jikinka. Ka sauke taswirar garin a waya kafin ka baro gida. Ka riƙe 'yan daloli ka canza kaɗan zuwa Lira, katin bankin gida ba abin dogaro ba ne. Takalmi mai sauƙin cirewa da safa mai kauri, domin titunan duwatsu ne da hawa da gangara, kuma daga Nuwamba zuwa Maris akwai sanyi da ruwa, rana tana faɗuwa da wuri. In wani mai goge takalmi ya yar da buroshinsa a gabanka, wuce abinka, tsohuwar dabara ce.

Ran Juma'a kuma lissafin yana canzawa, don masallatan nan suna cika tun da hantsi, fita daga dandalin bayan sallah ma aiki ne. Ka faɗa mana ranar da za ka sauka da ƙarfe nawa jirgi na biyu zai tashi, sai in ce maka Sultanahmet ko Ayyub Sultan. Allah ya kai ka lafiya.