Bas mai lantarki ko mai iskar gas?

Malam, ka tambaya ko bas masu lantarki za su raba garuruwanmu da hayaƙin motocin haya. Za su iya, amma da sharaɗi. Birnin Shenzhen na ƙasar Sin ya mayar da bas ɗinsa sama da 16,000 masu lantarki a ƙarshen 2017, bayan gwamnati ta zuba tallafi mai yawa, an kuma kafa wuraren caji a tashoshi.

Mu kuwa wutar ce matsalar. In da janareton dizal za a yi caji, to hayaƙin ya koma bayan tasha ne kawai. Ni a ganina a fara da iskar gas ta CNG, wato gas ɗin da ake matsewa a tukunya don motoci, wadda gwamnatin Najeriya ke ƙarfafawa tun cire tallafin mai a 2023. Baƙin hayaƙinta bai kama ƙafar na dizal ba.