An ce mu cire wurin man bilicin, mu cire?

Tambaya: Salam malam. Ni ɗan teyatur ne a unguwar Birni nan Damagaram, mun shirya wasa kan wata yarinya baƙa da saurayinta ya bar ta don wata fara, sai ta shiga shafa man bilicin har fuskarta ta ƙone. Wanda zai ba mu zauren ya ce sai mun cire wurin da take zagin madubi tana kuka, wai zai ɓata ran manyan mata da aka gayyato. Mu cire ko mu haƙura da zauren?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kar ku cire. Ai wurin madubin nan shi ne wasan, in ya fita me ya rage, tallar mai?

Amma fa kar ka ɗauka kai ne marubucin nan Ngugi wa Thiong'o tukuna. Shi a Kenya a 1977 ya yi wasa da manoma da leburori a ƙauyen Kamiriithu cikin yarensu na Kikuyu, gwamnati ta hana, aka tsare shi kusan shekara guda ba shari'a, a 1982 kuma aka rushe dandalin gaba ɗaya. A Afirka ta Kudu masu wasan kwaikwayo John Kani da Winston Ntshona an kama su a 1976 saboda wasa kan fas ɗin, wato takardar izinin zirga-zirga, da ake tilasta wa baƙar fata ɗauka a lokacin. Kai naka ba hukuma ba ce, mutum ɗaya ne ke tsoron hajiyoyi, kuma wallahi wannan irin ya fi yawa a wurinmu, ba takarda ba hatimi, sai dai a ce "ka san halin gari".

To mu ma mun san halin gari, nan ne fa garin wasan kara, inda samari ke kwaikwayon masu mulki da tufafinsu da tafiyarsu kuma manyan na zaune suna dariya. Ku sake duba wasan, in yarinyar kuke wa dariya to mai zauren yana da ɗan gaskiya. Ku juya habaicin kan saurayin, da gwaggon da ke cewa "fara ko mayya ce", da mai shagon da ke auna man a cokali. Ku kira mai zauren ya ga gwaji. In ya ƙi har yanzu, ku nemi filin lakwal bayan la'asar, tabarma da lasifika ɗaya sun isa.