Filin Kalmomi da Karin Magana: Mantuwa, Sha'afa da Gigin Tsufa

Wata baiwar Allah daga Gwammaja ta rubuto: "Malam, kakarmu takan ci abinci ta ce ba a ba ta ba. Kwanaki ta fita ta kasa gane hanyar gida, sai da aka yi cigiya a rediyo. Wasu sun ce gigin tsufa ne, wasu sun ce taɓin hankali. Wanne ne daidai?"

Malama, Allah ya ba Iya lafiya. Gigin tsufa shi ne daidai. Gigi ruɗewa ce da ke raba mutum da sanin inda yake da lokacin da yake ciki, shi ya sa muke cewa gigin barci ga wanda aka tasa bai gama farkawa ba. Na barci yakan washe nan take. Na tsufa kuwa sannu a hankali yake shigowa, yana ƙaruwa shekara da shekaru.

Mutane iri biyu ne ke ba ni takaici a nan. Na farko masu saurin cewa "ai ta haukace". Kalmar hauka a bakin Bakano nauyi gare ta: da an faɗe ta sai a kulle tsohuwa a ɗaki, a daina kai mata jikoki, a ɓoye ta kada surukai su ji. Wani wurin ma, idan ta yi sambatu ta ambaci sunan wanda ya rasu, sai a jefe ta da maita. Da yake ruɗewar takan tsananta da almuru, sai a ce iska ce, alhali likitoci sun daɗe da sanin wannan ɗabi'a ta ciwon. Na biyu su ne masu cewa "tsufa ne kawai", su naɗe hannu. Tsofaffi nawa ke cikin birni da suka haura tamanin, haddarsu na nan daram, suna lissafa maka zuriyar unguwa kaf? Ashe ba tsufan ne kaɗai ba.

Ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da shi a duniya, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin 100 nau'in nan ne da likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana a 1906. Wani nau'in daga lalacewar jijiyoyin jini yake, wanda hawan jini da ciwon sukari da shanyewar ɓarin jiki ke jawowa, ga su nan kuwa birjik a gidajenmu. Sabon abu ne ke fara zubewa, tsoho ya saura. Za ki ga Iya ta ba ki labarin naɗin Sarki Ado Bayero a 1963 tiryan-tiryan, amma kokon da ta sha da safe ya ɓace mata. Don haka in ta ce ba a ba ta abinci ba, ba ƙarya take yi ba, kada a tsaya musu da ita.

Ku kai ta asibiti, ko na Malam Aminu Kano ko na Murtala. Maganin da ake da shi sassauci yake kawowa, ba ya warkarwa, amma akwai ruɗewar da ke kama da gigin tsufa wadda ake magancewa, musamman wadda ta zo farat ɗaya cikin kwana biyu, daga zazzaɓi ko ciwon mafitsara ko faɗuwar sukari.

Wani ɗalibi daga Fagge yana son bambancin mantuwa da sha'afa.

Wanda ya sha'afa hankalinsa ne ya tafi wani wuri, da an tuna masa zai ce "af!" Mantuwa ta fi faɗi. Mai yawan yin ta shi ne mantau, kuma mantau lafiyarsa ƙalau.

Wani magidanci daga Yakasai ya ce: "Ana cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. To in babban ya shiga gigi fa?"

Alhaji, karin maganar kan gogewa take magana, ba ta ce babba ba ya ciwo ba. Na ga masu fakewa da ita su bar wa dattijo mai gigi maganar sayar da gida ko ajiyar kuɗi, wai kunya, har wani marar tsoron Allah ya zo ya sa shi ya dangwala hannu a takarda. Wannan sakaci ne aka sa masa rigar ladabi. A karɓi nauyin daga hannunsa cikin hikima, a ci gaba da durƙusa masa, a kira shi Baba kamar yadda aka saba, ko da ya daina gane mai kiran.

Wata daga Kurna ta tambayi ma'anar "arzalul umuri" da ta ji a wa'azi.

Larabci ne, ma'anarsa mafi ƙasƙancin shekaru, lokacin da mutum ke rasa sanin abin da ya taɓa sani. Yana cikin Suratun Nahli aya ta 70 da Suratul Hajji aya ta 5. Ƙarin bayani kuwa sai wajen malaman tafsiri.