Ƙanwata mai neman dokar da ta hana mata wasan kwaikwayo a Ingila

Wallahi ina karanta tambayarki gabana ya faɗi, don a nan aka kama ni ni ma. Kin ce malaminki ya dawo miki da babi na biyu na aikin bincikenki, wai sai kin kawo dokar da ta hana mata hawa dandamali a zamanin Shakespeare, kin nema har kin gaji. Ki huta, babu ita. Al'ada ce da tsarin ƙungiyoyin wasa na Landan. Yara maza masu koyon sana'a a hannun manyan 'yan wasa, daga shekara 12 ko 13 har wajen 20, su ke fitowa a matsayin matan cikin wasannin Shakespeare, irin su Juliet da Desdemona da Cleopatra.

Haka na rubuta a nawa aikin. Ranar kare shi, mutumin da aka gayyato daga wata jami'a ya ɗaga takardata sama a gaban kowa, ya ce wa ya koya min wannan shirmen. Aji ya kwashe da dariya. Na buɗe baki zan yi bayani, ya ce ba a tambaye ni ba. Shi kuwa malamin da ya duba aikin, wanda ya sa hannu a kowane babi, yana zaune yana danna waya, ko kai bai ɗago ba. Shi ya fi ci min rai, don ya san gaskiyata, a ofishinsa muka karanta shafin tare har ya ce madalla. Na fita na zauna bayan laburare ina kuka har la'asar ta wuce. Da muka haɗu daga baya sai cewa ya yi in yi haƙuri, haka manya suke. Manya! Na bar su da Allah.

Ke dai kada ki yi gardama da baki, ki kai wa malaminki a rubuce. A 1605 Sarauniya Anne, matar Sarki James na Farko, ta fito da matan fada a wasan da marubuci Ben Jonson ya tsara. A 1629 wasu Faransawa sun zo da mata sun yi wasa a gidan wasan Blackfriars da ke Landan, ba wanda ya kama su. A Italiya kuwa tun ƙarni na 16 mata ke sana'ar.

Masu tsaurin addini, wato Puritan, ba su raga wa kowa ba. Yaro ya sa kayan mata su jawo ayar Baibul ta Kubawar Shari'a 22:5 da ta hana namiji sa kayan mata, mace ta fito su ce karuwa ce. Ɗaya daga cikinsu, William Prynne, ya zagi mata 'yan wasa a littafinsa daidai lokacin da Sarauniya Henrietta Maria, matar Sarki Charles na Farko, ke wasa a fada, aka yanke masa kunnuwa a 1634. Ki sa wannan, malamai na son irinsa.

Majalisa ta rufe gidajen wasa a 1642. Sarki Charles na Biyu ya dawo kan mulki a 1660, a Disambar shekarar mace ta fito a Desdemona, a 1662 kuma takardar izinin da ya ba Thomas Killigrew, shugaban wata ƙungiyar wasa, ta ce mata su riƙa fitowa a matsayin mata. Takardar hukuma ke nan da za ki nuna masa, ita ma buɗe wa mata ƙofa ta yi.

Don Allah duk shafin da ya sa wa hannu ki ɗauki hotonsa ki ajiye. Kuma ki riƙa cin abinci, ni sai da olsa ta kama ni. Turo min babin in duba miki kafin ki mayar.