Hukuncin ɗanɗana giyar inabi da ajiye wa baƙi ita a liyafar kasuwanci

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗan kasuwa ne a Dawanau, ina fitar da zoɓo da riɗi da citta zuwa waje. Watan gobe abokan huldata huɗu za su zo Kano duba kaya: biyu daga Meksiko, ɗaya ɗan Sin, ɗaya kuma Ba'indiye ne da ba ya cin nama. Babu Musulmi a cikinsu. Ina so in yi musu liyafa a gida. Ɗan wana, wanda ya yi karatun aikin otal a waje, ya ce a wurinsu abincin dare babu giyar inabi kamar an rena baƙo ne. Ya ce ana haɗa ja da naman rago, fara da kifi, kuma kowa da irin wadda yake so. Ni ba zan sha ba. Shi ma ya ce ba zai haɗiye ba, zai kurɓa ya furzar don ya tantance mai kyau, kamar yadda mace mai azumi take ɗanɗana miya. Malam, ya halatta? Ina tsoron cinikin ya kuɓuce mini. Sannan bara ɗaya daga cikinsu ya kawo mini kwalba tsaraba, na ji nauyin mayar masa, tana nan a ajiye. Yaya zan yi da ita?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji, Allah ya yi wa kasuwa albarka, ya saka maka da alheri da ka tambaya kafin ka aikata.

Bai halatta ka sayi giyar ba, bai halatta a zuba wa baƙi ita a gidanka ba, ɗanka kuma bai halatta ya sa ta a bakinsa ba ko da zai furzar. Kasancewar baƙin ba Musulmi ba ne bai sauya komai a ɓangarenka ba.

Da yawa cikinmu muna ɗauka abin da aka hana game da giya shi ne sha kawai. Lafazin Alƙur'ani ya fi haka faɗi. A Suratul Ma'ida, aya ta 90, Allah ya jera giya da caca da gumaka da kiban ƙuri'a, ya kira su ƙazanta daga aikin Shaiɗan, sannan ya ce "fajtanibuhu", ku nisance shi. Bai ce kada ku sha ba kurum. Wanda aka ce ya nisanci rijiya ba ya zama a bakinta yana ja wa mutane guga yana cewa ai ni ban faɗa ba. Sahabbai haka suka fahimta. Anas ɗan Malik ya ba da labari cewa yana cikin zuba wa mutane abin sha a gidan Abu Ɗalha sai suka ji mai shela yana cewa an haramta giya. Abu Ɗalha ya ce masa fita ka zubar. Ya zubar, har ta riƙa malala a lungunan Madina. Bukhari da Muslim duk sun kawo shi. A lokacin akwai Yahudawa a yankin, akwai waɗanda za su saya, amma babu wanda ya ce a adana a sayar musu ko a ajiye wa baƙi.

Hadisin da ya fi kusa da tambayarka shi ne wanda Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito daga Anas ɗin, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci mutum 10 a kan giya: mai matsa ta, da wanda ya sa a matsa masa, da mai shan ta, da mai ɗaukar ta, da wanda aka ɗauko wa, da mai shayar da ita, da mai sayarwa, da mai cin kuɗinta, da mai saye, da wanda aka saya wa. Ƙirga da kanka, Alhaji. Mai sha ɗaya ne cikin 10. Sauran 9 za su iya rantsuwa ko ɗigo bai taɓa harshensu ba. A shirin da ɗanka ya tsara, kai ne mai saye, direbanka ne mai ɗauka, gidanka aka ɗauko wa, yaron da zai zagaya da kwalba shi ne mai shayarwa. Ka ga don ka faranta wa mutum huɗu ka jefa kanka da mutanen da suke cin abinci a ƙarƙashinka cikin jerin nan, alhali direban bai ma san me ke cikin kwalin ba.

Batun cewa ba Musulmi ba ne, gaskiya ne Musulunci bai ɗora maka bin Kirista ko mabiyin wani addini har ɗakinsa ka ga me yake sha ba. Abin da ya yi a masaukinsa da kuɗinsa, tsakaninsa ne da hukuma da Mahaliccinsa. Amma barin mutum da abinsa daban, miƙa masa da hannunka daban. Mashahurin zance a mazhabarmu ta Malikiyya shi ne waɗanda ba Musulmi ba ma ana magana da su a kan rassan shari'a, wato giyar ba ta zama halal gare su don ba su yi imani ba, kuma aya ta 2 a Ma'ida ta hana taimakekeniya a kan zunubi. A Mudawwana, babban littafin fiƙihun Malikiyya, an kawo mas'alar Musulmin da Banasare ya ɗauka haya ya kai masa giya, aka ce hayar ba ta inganta, ladan ma bai halatta gare shi ba. Don adalci zan faɗa maka cewa an ruwaito daga Imamu Abu Hanifa sauƙi a kan ladan ɗan dako a wannan sura, amma manyan almajiransa biyu, Abu Yusuf da Muhammad ɗan Hasan, sun saɓa masa, kuma ko shi maganarsa a kan dako take. Ba ta kai ga Musulmi ya zaro kuɗinsa ya saya ya jera a teburin gidansa ba.

Yanzu ɗanɗano. Ɗan naka ya yi ƙiyasi, amma ƙiyasin ya karye ta wuri biyu. Miya halal ce a kan kanta, lokaci ne kawai ya hana mai azumi ita, da an kira magariba za ta sha. Giya kuwa ita kanta ce haramtacciya, ba ta da magaribar da take jira. Kuma ko miyar, malamanmu sun karhanta wa mai azumi ɗanɗana ta saboda tsoron wani abu ya wuce maƙogwaro. In an yi taka-tsantsan haka da miyar kuka, me za a ce da barasa? Shi da ya yi karatun ya fi ni sanin yadda masu wannan sana'a suke yi: a kurɓa, a wuwwurga ta a baki, a zuƙi iska ta kanta, sannan a furzar. Abin da ya rage a harshe da dasashi ina yake zuwa? Da yawu yake tafiya ciki. Giyar inabi yawanci barasar da ke cikinta tana tsakanin kashi 12 zuwa 15 cikin 100, ninki biyu ko uku na giyar biya da aka saba gani, kuma ba kwalba ɗaya zai gwada ba tunda ya ce kowa da irin tasa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce abin da mai yawansa yake sa maye, kaɗan ɗinsa haramun ne. Duk wanda ya zauna a gaban malami ya karanta Risala ya wuce wurin da Ibn Abi Zaid ya ce Allah ya haramta shan giya, kaɗan ɗinta da mai yawanta. Ƙari a kan haka, mazhabobin nan huɗu suna ganin giya najasa ce. Akwai waɗanda suka saɓa, irin su Rabi'a malamin Malik da Laisu ɗan Sa'ad, amma saɓaninsu a kan tsarkin tufa da jiki ne, ba su buɗe wa kowa ƙofar kurɓa ba.

Ka ja yaron a jiki ka yi masa magana da taushi. Iliminsa na girki da karɓar baƙi abu ne mai amfani, wannan reshen kaɗai zai yar. Ka kuma faɗa masa kada ya zuba ta a tukunya da sunan wuta tana kore ta, don dahuwa tana rage barasa ne, ba ta cika ƙarar da ita ba.

Na san abin da ya fi damunka shi ne cinikin. Wannan ba ya cikin larurar da take halatta haram. Malamanmu sun ƙuntata ƙofar giya fiye da ta mushe: a Mukhtasar na Shehu Khalil, wanda yunwa za ta kashe an yarje masa mushe, giya kuwa ba a yarje ba sai ga wanda loma ta shaƙe, babu wani ruwa kusa, zai mutu. Kwantena biyu na riɗi ba loma ba ce a maƙogwaro. Tsoron nan naka ma ba kai ka fara shi ba. Da aka hana mushirikai kusantar Masallacin Harami, mutanen Makka sun ji tsoron kasuwarsu za ta mutu, sai Allah ya ce a Suratut Tauba, aya ta 28, in kun ji tsoron talauci to Allah zai wadata ku daga falalarsa in ya so. In kuma muka dawo hankalin kasuwa, mutumin da ya keto teku ya zo Dawanau, tsabtar kaya da cikar awo da cika alkawari ya zo nema. Giya tana jiransa a garinsu, ta fi wadda za a samo maka a ɓoye kyau da araha. Kada ka manta kuma a Kano kake, jihar da ta ƙaddamar da shari'a tun 2000, ta kafa Hukumar Hisbah da doka a 2003, kuma ka sha ganin ana farfasa kwalaben da aka kama. Ka auna abin da zai biyo baya in aka tare motarka da kwalin nan a ciki.

Akwai hadisai biyu da farkonsu iri ɗaya ne. Ɗaya ya ce wanda ya yi imani da Allah da Ranar Lahira ya girmama baƙonsa. Ɗayan, da Tirmizi da Ahmad suka kawo, ya ce wanda ya yi imani da Allah da Ranar Lahira kada ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya. Ana son ka cika duka biyun a dare ɗaya, kuma aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta ba ka damar kyautata wa waɗanda ba su yaƙe ka a kan addini ba. Don haka ka yi liyafar, ka kashe mata kuɗi.

Abin da ya ba ni dariya a tambayarka, kana zaune a kan maganin kana nemansa a Sabon Gari. Mutanen Meksiko me suke yi da zoɓon da suke saya a hannunka? Jiƙa shi suke yi su sha da sanyi, suna kiransa hamaika, ana sayar da shi a gidajen abinci da bakin titi. Ka sa a haɗa musu na Kano da citta da kanumfari, wani da sukari kaɗan, wani babu, ka ce musu daga buhun da za su saya aka ɗebo. Ɗan tsamin nan nasa yana yanka maiƙon naman rago, aikin da ɗanka yake nema a wurin jar giya ke nan. Ruwan tsamiya da lemon tsami su bi kifi. Ɗan Sin ka tanadar masa shayi mai zafi marar madara. Ba'indiyen zai fi kowa gane fura da nono, don su ma mutanen kindirmo ne, sai dai a kula a ware masa tukunyarsa da cokalinsa daga nama, wannan zai fi shiga ransa fiye da kowace kwalba. A nan ne ɗanka zai nuna karatunsa, ya ɗanɗana ya haɗiye son ransa. Tun kafin su taso ka aika musu cewa gidan Musulmi ne, ba a kawo barasa. Waɗanda suke yawon kasuwanci a duniya sun saba jin haka.

Kunun aya da kunun zaƙi a yi su a ranar, a sa a sanyi. Zafin Kano ba ya barin su kwana lafiya, kuma duk abin da ya tashi har ya kai ga bugarwa hukuncinsa ɗaya da giya, ko da gero aka yi shi ko da zuma, kamar yadda burkutu da bammin da ya tsima suke. Ibn Abbas ya ce ana jiƙa wa Annabi zabibi ya sha ranar da washegari har yammacin rana ta uku, abin da ya rage ba ya ƙara ajiye shi.

Kwalaben nan da ake kaiwa wurin biki ana cewa babu barasa iri biyu ne. Akwai ruwan inabi mai gas da bai taɓa zama giya ba, wannan halal ne. Akwai kuma wanda giya ce sosai aka yi, sannan aka janye barasar, kuma irinsa yakan rage da har kashi 0.5 cikin 100. Wannan na biyun ka bar shi. Karanta jikin kwalbar kafin ka biya.

In su suka gayyace ka otal a Abuja ko a ƙasarsu, ka nemi a yi zaman da safe ko a kan shayi. In ka tarar da ita a tebur ba da saninka ba, ka nemi uzuri cikin ladabi a ɗauke ko a sauya wuri, kuma kada kuɗinta ya shiga lissafin da za ka biya.

Kwalbar tsaraba kuwa, irin wannan ta faru a gaban Annabi. Muslim ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa wani mutum ya kawo masa salkar giya kyauta, ya tambaye shi ko ya san Allah ya haramta ta, ya ce a'a. Sai mutumin ya yi wa wani raɗa cewa a sayar. Annabi ya ce wanda ya haramta shan ta ya haramta sayar da ita, nan take mutumin ya kwance bakin salkar ta tsiyaye. Abu Ɗalha ma ya tambayi Annabi game da marayun da suka gaji giya, ko ya mayar da ita ruwan kal, aka ce masa a'a, ya zubar, ga shi kuwa dukiyar marayu ce. Kada ka sayar, kada ka ba maigadi ko wani abokin ciniki, kada ka ajiye ta ado. Ka tuttular da ita a magudana yau, ka yi istigfari a kan jinkirin. In ya sake kawo wata, ka yi masa godiya a kan niyyarsa, ka ce addininka bai yarje maka karɓa ba, ka bar ta a hannunsa.

Wallahu a'alam.